Shuɗin Ganye a Ɗakin Littattafai

Jiya mijin autata ya zo gaishe ni. Ya shigo da takalmi har bakin darduma, ya zauna kusa da ni gwiwa da gwiwa, ya miƙe ƙafafu, ya sa hannu a farantin dabinona yana ba ni labarin ƙwallo da Larabci. Yaron kirki ne, ban ce ba, shi yake kai ni asibiti ya dawo da ni. Amma da ya kafe ni da ido yana dariya, sai na ga ni ne nake sunkuyar da kai, kamar ni na auri 'yarsa. Bayan ya fita na daɗe ina tunanin nawa surukin, da wani ɗakin littattafai da muka yi wa ado ni da shi a bayan gari, inda na faɗi wata magana da har yau in na tuna ta sai kunnuwana su yi zafi.

A lokacin muna zaune a Makka, a kan dutsen Nakkasa, wanda yanzu an share rabinsa kamar ba a taɓa haihuwar kowa a can ba. Gidajenmu na gwangwani ne da katakon akwati, wani a kan wani, rufin maƙwabcinka shi ne tsakar gidanka. Da asuba kafin ka buɗe ido za ka ji kiran salla yana hawowa daga ƙasa, masallaci bayan masallaci, sai taɓarya ta amsa daga gidan da ake dakan fura, sai ƙarar garwar 'yan ga-ruwa suna hawan tudu suna nishi. Mata suna suyar gyaɗar da za su kai bakin titin Mansur, hayaƙin ya cika lungu. Iyayenmu sun ratso Chadi da Sudan, sun zubar da kaya da yawa a hanya, amma kunya da ita suka iso cif. Tsofaffin sukan ce mana, ku koyi Larabci don ku ci abinci, amma ranar da kuka dubi surukinku ido cikin ido kun gama zama 'ya'yanmu. Lungunan kuwa matsattsu ne, mutum biyu ba sa giftawa sai sun goga kafaɗa, saboda haka ba wanda ya kai sabon ango sanin hanyoyin ɓuya. Ni kaina na taɓa faɗawa garken awakin wata tsohuwa don na ji tarin surukina a kwana. Na koma gida ina wari, matata ta yi dariya har da hawaye.

Surukin nawa mai zane ne. Tun a gida ya fara, yana yi wa masu hali ado a fuskar soro. A Sudan ya yi fentin akwatunan amare da jikin manyan motoci, da ya iso Makka kuma ya faɗa hannun wani tsohon Baturke mai zanen rufin ɗaki, ya zauna da shi har mutuwa ta raba su. Daga nan manyan gidajen gari suka san shi. Larabawan da ba sa tanka wa takari irinmu a hanya su ne suke ce masa mu'allim, suna matsawa su ba shi wuri. Mu ma a kan dutse muna cin albarkacin sunan, don in yaransu sun tsokane mu mukan ce, rufin da kakanku yake kwana a ƙarƙashinsa namu ne ya zana. Bayan sunan nan ba shi da wata dukiya. Dogo ne siriri, mara yawan magana, ƙumbarsa kullum da launi. 'Yarsa ta fari na aura, wadda shi kansa ba ya kiran sunanta, ba ya ma zama inda take.

Ni sana'ata dako ce a Mina, in aikin Hajji ya wuce sai zaman banza. Wata shekara bayan alhazai sun watse ya aiko a gaya mini akwai aikin niƙan launi da riƙon tsani, in ina so. Ban so ba, don wa zai so ya wuni a ɗaki ɗaya da surukinsa? Amma matata tana da ciki, murhunmu kuma ya fara yin sanyi. Muka hau babbar mota, shi a gaba kusa da direba, ni a baya kan buhunan gawayi.

Gidan yana kan hanyar Wadi Fatima, cikin lambun dabino da lemun tsami, irin gidajen da attajiran Makka na da suke ginawa don su huta daga zafin gari da cunkoson baƙi. Wanda ya gina shi ya daɗe da rasuwa, jikansa ne yake so a gyara, Sidi ake ce masa. Babu kowa a wurin sai wani ɗan Yaman mai kula da lambu, da injin ban ruwa da yake bugawa tun safe. A bene ɗakin littattafan yake. Ni da ban wuce allo ba, ina leƙawa na cire takalmi ba wanda ya sa ni. Durowoyi ne a cikin bango har sama, cike da littattafai masu bangon fata, ƙofar kowace an zana mata tulu da furanni suna fitowa daga bakinsa. Rufin na katako ne, an raba shi gida-gida, a tsakiya tauraruwa mai ruwan zinari, kewaye da ita reshen rumman yana zagayawa da ganye da 'ya'ya har ya sauko kan bango. A ƙarƙashin rufin an jera ƙananan hotuna na ƙubbobi da teku da jiragen ruwa, babu mutum babu tsuntsu. Ruwan sama ya taɓa yoyo ta gefe guda ya cinye reshen, gara ta ƙarasa. Kafinta ya riga ya sa sabon katako, mu aikinmu mu mayar da reshen yadda ba wanda zai gane inda tsoho ya ƙare sabo ya fara. Yanzu ina kallon gidajen 'ya'yana, bango fari fat, silin da fitilu kamar na kanti, in an gaji da shi a ɓalle a sa wani. Wancan rufin kuwa an yi shi ne don mai karatu in wuyansa ya gaji ya ɗaga kai ya sami abin kallo. An rushe gidan tuni, na ji an ce wurin gidan mai ne yanzu.

Yadda muke aiki abin dariya ne ga wanda ba namu ba. Yana sama a kan katakon da aka gicciya tsakanin tsani biyu, ina ƙasa ina niƙa garin launi a kan dutse da ruwan ƙaro, in niƙa in murza tsakanin yatsu, in na ji tsakuwa in sake. Ba ya yi mini magana, bango yake yi wa. Sai ya ce, "A miƙo ja." In miƙa kaina a ƙasa in ce, "An miƙo." In abinci ya zo ya ci a ɗakin, ni in sauka gindin dabino in ba gidan baya. Mai lambun ya zuba mana ido kwana da kwanaki, rannan ya kasa haƙuri ya ce mini, "Ya ahi, ɗan'uwa, faɗa kuka yi da tsohon nan?" Na ce a'a, girmamawa ce. Ya girgiza kai ya ce shi da surukinsa har zagin wasa suna yi.

Reshen ya fita lafiya, 'ya'yan rumman suka fita jajir kamar ka tsinka, hannun tsohon ko rawa ba ya yi. Ranar da aka zo kan ganye ya ce a miƙo kore, na miƙa kore. Ya leƙa gwangwanin, ya karkata shi wajen taga, ya mayar mini ya ce, "An ce kore." Na duba, kore ne shar. Ya nuna ɗaya gwangwanin da buroshi, na shuɗin da na niƙa don teku. Na ɗauka wata dabara ce ta masu sana'a, ƙila shuɗin ne a ƙasa koren ya hau daga baya. Na miƙa. Ya wuni yana zana ganye masu kyau, kowanne da jijiyarsa, shuɗi kamar daga marina aka ɗauko su. Washegari na jira koren, bai zo ba. Sai na lura yana matsa fuskarsa kusa da katakon har gemunsa yana shafar fenti, yana laluben bakin gwangwani da yatsa kafin ya tsoma. Sai na gane. Idonsa ne yake tafiya, shi bai sani ba, ga shi mai gidan zai zo duba aiki in an gama.

Mutumin yanzu zai ce, to ka gaya masa mana. Haka jikokina suka ce da na ba su labarin, suna kallona kamar wawa. Ba su san nauyin bakin ba. Da muka koma gida ranar Alhamis na gaya wa matata, ta riƙe haɓa ta ce, "Ni da ko sunana ba ya faɗa, ta ina zan fara?" Ta je ta gaya wa gwaggonta, ƙanwar tsohon, wadda ita kaɗai take iya shiga wurinsa kai tsaye. Gwaggo ta yi salati, ta yafa mayafi ta tafi da ƙarfinta, mu kuma muka ce shi ke nan an gama. Ashe ita ma da ta isa gabansa bakin ya yi mata nauyi. Abin da ya shiga kunnensa shi ne, "Yaya, an ce idonka ya yi ja, ka riƙa sa kwalli." Ya sa kwalli, ya wanke da zamzam, ranar Asabar muka koma ya ci gaba da shuɗinsa.

Na gwada gyarawa a ɓoye. Da azahar ya kwanta ƙailula, na hau tsanin na bi wasu ganyaye da kore. Hannun ɗan dako ne, ganyen suka koma kamar tafin raƙumi. Ya tashi ya hau, ya shafa da yatsa ya ji danshi. Sannan ya ce wa bango, "A gaya wa mai taɓa mini aiki, tun kafin a haife shi nake wannan sana'ar." Ya kankare nawa ya mayar da nasa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Da safe mai lambun ya hau kawo mana shayi, ya ɗaga kai, ya saki baki. Ya ja ni waje ya ce, "Jibi Sidi zai zo, kuma ba shi kaɗai ba, da malamai da attajirai, zai nuna musu ɗakin kakansa. Ka san bakinsa kuwa? Kafintan nan a gaban jama'a ya kira shi jaki. Wallahi in ya ga wannan, kafin Juma'a duk Makka ta ji." Na roƙe shi ya gaya wa tsohon da kansa, tunda shi ba surukinsa ba ne. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "La, la. Ni bare in ce wa mu'allim ya makance? Naka ne, kai za ka faɗa."

Na koma ɗakin. Yana sama. Ya ce, "A miƙo kore." Na tsuguna a gindin tsanin na kafa ido a kan dutsen niƙa, gumi yana ɗiga daga haɓata. Ya sake cewa, "An ce a miƙo." Sai na ji muryata ta fita, siririya, kamar ta wani.

"Baba, ku gafarce ni. Ganyen nan shuɗi ne."

Buroshin ya tsaya a kan katakon.

Ya ce, "Wa ke magana?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Wane ganye?"

"Duka. Tun daga kusurwar taga."

Na ji tsanin yana ƙara, yana saukowa. Na ga ƙafafunsa a gabana da ɗigon fenti a kan yatsu. Na yi zaton mari ne, kuma da marin ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Je ka tsinko mini ganyen lemo." Na sauka da gudu na kawo. Ya kai shi bakin taga ya juya shi ya ce, "Busasshe ka kawo mini." Na ce, "Ɗanye ne, Baba, yanzu na tsinko." Ya murje ganyen a tafinsa, ruwan ya jiƙa masa yatsu, ƙanshin lemo ya tashi a ɗakin. Ya kai hanci ya shinshina. 

Can ya ce, "Tashi. Ɗago kanka ka dube ni."

Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

Ya ce, "Na ce ka dube ni. Madubi ba zai amfane ni ba. Me ke cikin idona?"

Na ɗago. Rabona da fuskarsa tun kafin a kai gaisuwar aurena. Wani farin abu ya kwanta a kan baƙin idon, irin wanda ke hawa kan kunu in ya huce. Na ce, "Yanar ido ce, Baba. Duka biyun." Sai hawaye suka zubo masa. Bai juya ba, bai goge ba, ya bar su suna bin kwallin da Gwaggo ta sa shi sawa har cikin gemu. Ni kuma ba a ba ni izinin sunkuyawa ba. Na tsaya ina kallon uban matata yana kuka a gabana. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Na ji kamar na yaye masa tufafi a tsakiyar kasuwa, na yi fatan ƙasa ta tsage in shige.

Ya goge fuska da gefen rawani ya ce, "Hau." Muka hau tare kan katakon da da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗaya. Ni nake tsoma buroshin a kore in damƙa masa, in kama wuyan hannunsa in kai shi bakin ganye, daga nan hannun ya san hanyarsa. In ya gaji ya dafa kafaɗata, ina jin numfashinsa a wuyana. Ya daina yi wa bango magana. Sai ya ce, "Nan ya yi?" In ce, "Ya yi, Baba." Ya ce, "Kada ka yi mini kara. In bai yi ba ka ce bai yi ba." In ce, "A ƙara duhu kaɗan, Baba." Da azahar mai lambun ya miƙo mana ful, dafaffen wake, da burodi a kwano ɗaya, don babu lokacin sauka. Tsohon ya ce, "Ci." Na sa hannu a kwanon surukina, muka ci. Haka muka yi ranar da washegarinta, daga fitowar rana har ta daina shigowa ta taga. Shuɗin da ke ƙasa ma ya taimaka, ya ba koren wani duhu irin na tsohon zanen.

Sidi ya iso da baƙinsa bayan la'asar, warin ƙaro bai gama fita daga ɗakin ba. Suka ɗaga kai suna ta masha Allah. Wani malami ya ce a nuna masa inda aka gyara, Sidi ya yi ta nuni da sanda yana kuskurewa. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya ce akwai gidansu na Ɗa'ifa, can ma rufin yana jira. Tsohon ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Sidi. Na tsufa, wannan ne na ƙarshe." Suka yi dariya, sun ɗauka jan aji ne. Ya fita daga gidan da sunansa cikakke, kuma har ya bar duniya ba wanda ya ji zancen shuɗin ganye a waje. Mai lambun ma ya riƙe bakinsa.

Gwaggo ta sa mini albarka, matata ta ce na kyauta. Ni kuwa abin da ya biyo baya ya hana ni jin daɗin yabon. A kan dutse na ci gaba da kauce masa yadda na saba, sai na lura ko kaucewar ba ta kama ni, don ba ma haɗuwa sam. Rannan na shawo kwana ina magana da wani, na hango bayan rigarsa, dogon mutum yana laluben bango da sauri yana shigewa lungun da ba nasa ba. Muryata ya ji. Surukina ne yake ɓuya daga gare ni, a unguwar da kowa ya san wa ya kamata ya ɓuya. Na tsaya a wurin har abokin maganata ya tambaye ni ko lafiya. Da idon ya rufe gaba ɗaya, kowane yaro yana iya jan sandarsa zuwa Harami, ban da ni. In na je gaisuwa na tsuguna daga bakin ƙofa, ya amsa fuskarsa na kallon bango. Ni kaina irin yanar ta kama ni da na tsufa, aka cire mini ita a safiya ɗaya, likitan yana aiki yana hira da abokinsa, mijin autata yana jirana a waje. Shi kuwa ya ƙi a taɓa masa, ya ƙi ma a yi zancen. Shekaru muka yi a haka, kullum ina jin na ƙwace masa wani abu da ba ni da hanyar mayarwa.

Ya rasu da hantsi, wata ranar zafi. Na zo na tsuguna a waje, can bayan jama'a inda ya dace da suruki. Ga ƙannensa, ga limamin unguwa, ga waɗanda aka saba kira su yi wa mamaci wanka. Sai Gwaggo ta leƙo daga ƙofa idonta jawur, ta kira ni da sunan ɗana. Na matso na durƙusa.

Ta ce, "Wasiyya ya bari. Ya ce kada kowa ya wanke shi sai kai."

Na ce, "Gwaggo, ni? Ba a taɓa yi ba. Ga 'yan'uwansa nan."

Ta ce, "Haka na gaya masa. Ya ce kai ka riga ka gan shi, ba ya so wani ya ƙara."

Na shiga, aka saki labule, na naɗe hannuna da tsumma. Na wanke shi yadda aka koya mana, dama kafin hagu, limamin yana zuba mini ruwa daga bayan labulen. Fuskar kuwa da lalube na wanke ta, kaina a sunkuye.